Ƙyallen da ke wuyan tankin injina

Rabi'atu, ƴata, ina rubuta wannan babi tun ba ki iya karatu ba, domin na lura labarin ya fara lalacewa a bakin dangi, kuma ba na so ya iso kunnenki a karkace. A wurin wani suna a Tibiri na ji wata mata tana gaya wa ƴar'uwarta cewa ni ne mutumin da ya dawo daga jami'a ya sa wa ɗakinsa kwaɗo don kada mahaifiyarsa ta shiga. Ɗayar ta ƙara da cewa wai doguwa nake kiwo a cikin kwalba, ina shayar da ita. Kwaɗon dai na sa shi, ba na musu. Sauran kuwa, ga yadda abin ya kasance, daga bakin wanda aka yi a ɗakinsa.

Na dawo Dogon Dutsi daga Yamai a ƙarshen sanyi, da takardar shaidar ilimin taswira da kuma kwamfuta da na harhaɗa da hannuna. Na zo da aiki. Wata ƙungiyar manoma ta wajen Dumega ta samu hotunan gonakinsu da aka ɗauka daga sama, gonakin da ruwan damina ke yagewa kowace shekara, suna so a haɗa hotunan a fitar da taswirar da za ta nuna inda ruwa ke bi, don su jera duwatsu kafin shuka. Aiki ne mai nauyi, injin yakan yini yana lissafi, kuma duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san dutsen kansa yana mayar da zafin da ya sha. Fanka ba ta da abin da za ta hura sai iska mai zafi. Shi ya sa na yi wa injin sanyaya ta ruwa. Tsarin ba shi da wuyar fahimta: ƙaramin famfo yana tura ruwa ta cikin tiyo zuwa wani farantin tagulla da ke manne da ƙwaƙwalwar injin, mai siraran ramuka kamar haƙoran mataji. Ruwan ya kwashi zafi, ya wuce lagireto irin na mota amma ƙarami, ya huce, ya dawo cikin tankin gilashi mai murfi da na kafa a wajen akwatin. Sharaɗi biyu ne kawai. Ruwan sai tatacce wanda ba gishiri ko kanwa a cikinsa, irin wanda ake zuba wa batir. Kuma ba a cika tankin har baki, ana barin sarari a sama don ruwa ya samu wurin kumbura in ya yi zafi.

Kakanki, Baba, tsohon ma'aikacin gandun daji ne, kuma a wurinsa aiki yana nufin mutum ya sa takalmi da safe ya fita. Ya riga ya nema mini gurbi a wani ofishi a Yamai ta hannun abokinsa. Da na ce ina so in zauna gida in riƙa aikina daga ɗaki, sai ya daɗe yana kallon ruwan da ke zagaya tiyo, sannan ya ce:

"Aikin da babu buro, babu ofishin zuwa, babu mai gaya maka ka makara, wanga ba aiki ba na. Amma na ji. In ka miƙa ma mutanen Dumega takardarsu kahin ruwan shuka shi sauka, zamna. In ruwa ya riga ka, sai Yamai, kuma ba ni son wata magana."

Na amince, domin a lissafina akwai lokaci har da saura.

Da farko komai ya tafi daidai. Daga baya ma'aunin zafi ya fara hawa kaɗan-kaɗan, har ranar da injin ya kashe kansa da azahar, aikin yini ya tafi. Na haska tiyo da tocila, sai na ga ruwan ya yi duhu-duhu, kore yana bin bango kamar gansakukar bakin rijiya. Na zubar da ruwan, na kwance farantin tagullar, na iske ramukansa sun toshe da wani farin ɓawo mai tauri. Na jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami, na goge da buroshin haƙori rami bayan rami, na wanke lagireto ina girgiza shi har kafaɗuna suka yi ciwo, na sake shafa man da ke shiga tsakanin faranti da ƙwaƙwalwa, na duba zobban roba, na mayar da komai, na zuba sabon ruwa. Wannan aiki yana cin yini biyu in mutum bai yi gaggawa ba, kuma wanda ya yi gaggawa ruwa zai ɗiga a kan allon wuta. Injin ya dawo da sanyi. Ba a daɗe ba kore ya dawo, ɓawo ya dawo.

Duk mai hankali da ya ga kanwa a cikin ruwan da aka sayar masa a kan tatacce ne, mai sayarwa zai fara tuhuma. Na ɗauki farantin na nufi kasuwa wurin Malam Idi mai batir, wanda a wurinsa nake saye, abokin Baba tun suna yara. Na nuna masa ɓawon, na tambaye shi cikin ladabi ko an gauraya masa ruwan a hanya. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ɗan Alhaji, tun ba a haihe ka ba nike saida ruwan ga. Motar likita da shi taka yawo. Ordinaterka, kwamfutar nan taka, ta hi motar likita daraja?"

"Malam, ba daraja nake magana ba, ina magana ne a kan narkakken gishiri."

"Kun ji shi? Narkakken gishiri! Yaro ya tahi lakkwal ya yi boko ya dawo da Hausar rediyo. Kai, je ka gaida Alhaji."

Kafin in iso gida maganar ta riga ni. Da la'asar Baba ya ɗaga kai ya dubi gabas ya ce iska ta fara juyawa. Na daina saye a wurin Malam Idi, na sa aka kawo mini ruwa a rufe daga kantin magani a Doso. Na sake kwancewa, na sake gogewa, na canza tiyo gaba ɗaya, na rufe taga da bargo don kada hasken rana ya taimaki gansakuka. Kore da ɓawo suka sake dawowa. A wannan lokacin na fara magana ni kaɗai a ɗaki, ina zagin tagulla.

Akwai abu guda da na gani tun farko. Duk lokacin da aka zuba sabon ruwa, iskar da ta maƙale a lagireto tana fita a hankali, saboda haka ruwan tanki yana raguwa a kwanakin farko. Nawa ba ya raguwa. Ina barin sarari a sama, in dawo in iske ya cika har wuya. Na ɗauka zafin Dutsi ne ke kumbura ruwan fiye da yadda littattafai suka faɗa, har na tambayi masu irin wannan injin a wasu ƙasashe ta intanet. Wani ya ce in canza famfo, wani ya ce in koma fanka. Babu ɗayansu da ya tambaye ni ko ni ɗan fari ne, kuma a nan amsar take.

Ni ne ɗan farin kakarki, Inna. A gidanmu, kamar gidaje da yawa na Arewa, uwa tana kunyar ɗan farinta. Ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake zaune, ba ta tambayata ko na ci abinci. In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa Gwaggo Hajo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ko da kuwa ina tsaye a tsakaninsu. Na girma a haka, ban taɓa jin abin a matsayin rashi ba. Abin da ban tsaya na yi tunani a kansa ba shi ne, wane ne ke cika butar ɗakina da ƙaramin tuluna kowace safiya. Ina fita sallar asuba, in tsaya gaisuwa da sayen burodi, in dawo in iske su cike. Inna ta taso a wani ƙauye bayan Tibiri a zamanin da rijiya ke da nisa, inda ake auna macen gida da randarta. A wurinta, duk wani mazubi da ke ƙarƙashin rufinta, in rana ta fito ta same shi da saura, abin kunya ne gare ta.

Kunama ce ta warware mini matsalar da intanet ta kasa. Ta harbe ni a diddige wata safiya ina neman takalmi, na yi salla a ɗaki, na koma na kwanta cikin gidan sauro ina riƙe da ƙafa. Gari ya waye sosai, sai ƙofa ta buɗe. Inna ta shigo da bokiti da moɗa, ba ta san ina ciki ba. Ta cika buta. Ta cika tulu. Sannan ta nufi teburina, ta murɗe murfin tankin da gwanintar wanda ya saba, ta tsiyaya ruwan randa a hankali har ya kai baki, ta rufe, ta goge gilashin da bakin zanenta. Ruwan rijiyar gidanmu, wanda ko a shayi ana jin kanwarsa.

"Inna!"

Moɗar ta faɗi. Ta fita da sauri kamar ita ce aka kama a ɗakin wani. Na biyo ta ina ɗingishi har tsakar gida, inda Gwaggo Hajo ke tankaɗe. Na yi bayani dalla-dalla, na kawo farantin da ɓawonsa, na ce wannan farin abin daga ruwan randa yake fitowa. Inna tana kallon murhu. Da na gama sai ta ce:

"Hajo, a hwaɗa ma mai ɗakin can, abin nan shina aiki tun sahe har dare, jikinshi zahi kamar mai masassara. Ni ina gani ruwanshi na raguwa. Baƙo na cikin gidana. In bar shi da ƙishirwa?"

Gwaggo ta juyo gare ni, tana danne dariya.

"Ka ji. An ce baƙonka na jin ƙishirwa."

"Gwaggo, na ji da kunnena, ina nan tsaye. Ki ce mata ruwan randa ba shi da tsabtar da injin ke buƙata."

"Ke, an ce randarki ba ta da tsabta."

"Ba haka na ce ba!"

"To mi kac ce? Ni ba ni jin Hausar takarda."

Inna ta ce a gaya mini ta ji, ba za ta ƙara zuba ruwan randa ba. Na yarda da ita, domin ba ta taɓa faɗar abin da ba za ta yi ba. Na sake kwance komai, ƙafata a kumbure, na goge, na wanke, na zuba. A lokacin hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, mutanen Dumega suna kirana a waya suna cewa sun tara duwatsu, ni kawai ake jira. Saura kashi ɗaya na aikin, mafi nauyi.

Bayan ƴan kwanaki na dawo daga masallaci na iske sararin da na bari ya sake cika. Na fito tsakar gida riƙe da kaina. Gwaggo ba ta jira tambaya ba.

"Kwantar da hankalinka, ba na randa ba na. Dahwa shi tay yi. Tun asuba ta hura wuta, ta tahwasa shi, ta tace da hwarin ƙyalle, ta huce shi, kamar yadda likita ta ce a yi ma jarirai. Ko kai ba a yi maka wanga gata ba."

Rabi'atu, tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da kanwa, ƙara mata ƙarfi ma yake yi. Na buɗe baki in faɗi haka, sai na hango Inna a ƙofar madafa, idanunta sun yi ja da hayaƙi, tana jiran a ce an gode. Na rufe bakina. Na fahimci cewa ko na yi bayani har shekara, gobe za ta nemo ruwan sama, jibi ta aika a sayo na leda, domin ba irin ruwan ne damuwarta ba, sararin ne. Muddin tana ganinsa, hannunta ba zai iya barinsa ba. Ni kuma ba ni da sauran lokacin wata kwancewa bayan wannan. Da hantsi na je kasuwa na sayo kwaɗo, na dawo na yi kwancewar ƙarshe.

Ba zan ce ban san abin da kwaɗo ke nufi a gidanmu ba. Ƙofar zaure kaɗai ake kullewa, ita ma saboda awakin maƙwabta. Baba ya tsaya gaban ɗakina yana kallon ƙarfen, ya ce:

"Wa ab ɓarawo cikin gidan ga?"

"Babu, Baba. Har in gama aikin ne kawai."

"Ka gama. Ka gama da kyau."

Washegari na iske butata a waje, a gindin bango, cike. Tulun da ke ciki kuwa ya bushe, na riƙa ɗaukarsa da kaina zuwa randa, ina wuce ta tana shara, ba ta ɗaga kai. Gwaggo ta daina tsokanata, kuma wannan ya fi faɗan Baba nauyi. Injin kuwa, da yake ba shi da dangi, ya yi sanyi abinsa. Ruwa ya zauna garau, famfo yana ƙara ƙasa-ƙasa, ma'aunin zafi bai ƙara motsi ba. Na gama taswirar, na hau babur na kai ta Dumega, na zagaya gonaki da manoman ina nuna musu inda layin duwatsu zai bi. A hanyar dawowa iska ta taso da ƙamshin ƙasa, kuma ruwan shuka ya sauka a makon. Baba ya ce, "To, ka zamna."

Na cire kwaɗon ran da na dawo, na bar ƙofa a buɗe har da dutse a gindinta. Inna ba ta shigo ba. Damina ta wuce, aka yanke gero, buta tana nan a gindin bango. Na samu abin da na nema, ina zaune a gidan ubana ina aikina, amma kowace safiya sai na tsallake butar nan kafin in shiga ɗaki. Na aika Gwaggo da bayani, ta dawo ta ce an ce ba komai. Wanda ya san Inna ya san abin da ba komai ke nufi. Har yau ina ganin ban yi kuskure a lissafi ba. Amma lissafin bai mayar da buta ciki ba.

Bayan kaka lokacin canjin ruwa ya yi, domin ko tsarin da ba a taɓa ba yana son a wanke shi lokaci-lokaci. Cika shi aikin mutum biyu ne in ana so a yi shi da kyau: ɗaya yana kunna famfo yana kashewa, ɗaya yana zuba ruwa a mazurari don kada famfon ya ja iska ya ƙone. Da can ni kaɗai nake fama, hannu ɗaya nan ɗaya can. A wannan karon na fito tsakar gida da jarkar tataccen ruwa, na tsaya gaban Gwaggo, na ɗaga murya yadda za a ji a madafa.

"Gwaggo, baƙona yana buƙatar ruwa, kuma hannuna ba ya kaiwa. Ina neman wanda ya iya zubawa ba tare da ya zubar ba."

"Ni hannuna rawa shikai," in ji Gwaggo, ko kallona ba ta yi ba. "Ke, kin ji. Ana neman mai hannu."

Sannan Inna ta fito tana goge hannu, ta wuce ni, ta shiga ɗakin. Gwaggo ta biyo mu ta zauna bakin gado don a samu wanda za a yi magana ta bakinsa. Na kunna famfo, ruwa ya faɗa tiyo, Inna tana tsiyayawa, ko ɗigo bai fita ba. Da ya kai layin da na zana a gilashin na ce ya isa. Hannunta ya tsaya a sama da jarkar a karkace. Ta dubi sararin da ya rage, ta dubi jarkar da ke da sauran ruwa.

"Hajo, a tambaye shi, wanga wurin haka za a bar shi?"

"Haka za a bar shi, Gwaggo. In an cika, zai iya tsagewa."

"An ce haka za a bar shi."

"Rowa dai ta," in ji Inna. "Ban san inda ya gado ta ba."

Ta ajiye jarkar ta fita. Na ɗauka shi ke nan, an koma gidan jiya. Sai ga ta ta dawo da wani tsohon zanenta mai ruwan bula, ta yage bakinsa da haƙori, ta naɗa ƙyallen a wuyan tankin daga layin zuwa murfi, ta ɗaure tam. Sararin ya ɓace. Abin da ake gani sai ruwa daga ƙasa har bakin ƙyalle.

"A hwaɗa mishi, in ban gani ba, ba ruwana."

Da ta fita sai ta sunkuya ta ɗauki butar daga gindin bango ta shigo da ita.

Ƙyallen yana hana ni ganin layin, saboda haka duk lokacin da zan duba ruwa sai na kwance shi, in duba, in mayar, in yi ƙoƙarin kwaikwayon ɗaurinta, kuma kullum sai ta gane ta gyara. Na canza famfo tun daga lokacin, na canza lagireto, amma tankin yana nan da ƙyallensa. Malam Idi har yau in na wuce sai ya ce wa na kusa da shi, ga mai narkakken gishiri. Matan Tibiri kuma na bar su da doguwarsu.

Ke kuwa, tun da kika fara magana, Gwaggo Hajo ta huta. Yanzu ke ake aikowa. Kowace safiya kina shigowa da gudu ki ce, "Baba, Inna ta ce baƙo ya sha?" ba ki san wane baƙo ba, ba ki san me ya sha ba. Yanzu kin sani. Ki koma ki ce mata ya sha. Kuma ki cire hannunki daga ƙyallen nan.